Abin da ke jan matasan masana zuwa binciken nano, da abin da suke tararwa a can

Duk wanda aka taɓa yi wa gwajin gaggawa na zazzaɓin cizon sauro ko na korona ya san ɗan jan layin nan da ake zuba wa ido a jikin robar gwajin. A yawancin irin waɗannan kayan gwaji, layin nan zinare ne. Zinare na haƙiƙa, wanda aka mayar ƙwayoyi masu faɗin nanomita 40 ko kusa da haka. Idan zinare ya ƙanƙance zuwa nan sai ruwan ɗorawar da aka san shi da shi ya ɓace, ya koma ja. Babu rini a ciki, girman kawai aka taɓa, launi ya biyo baya. Wanda ya tsaya ya yi tunani a kan wannan ya kama bakin zaren abin da ke sa matasa masu kaifin ƙwaƙwalwa, daga fizik da kimistiri da injiniyanci da likitanci, suke ba da shekara huɗu ko biyar ko shida na ƙuruciyarsu ga digirin digirgir a kimiyyar nano.

Nanomita ɗaya shi ne abin da za ka samu idan ka raba mita gida biliyan ɗaya ka ɗauki ɗaya. Kaurin silin gashin mutum yakan kai nanomita 80,000 zuwa 100,000. Faɗin zaren DNA kusan nanomita 2 ne. Farcen hannunka yana ƙara tsawon kusan nanomita ɗaya a kowace daƙiƙa. Ƙwayoyin zarra (wato atom, ƙananan tubalan da aka gina kowane abu da su) na zinare uku zuwa huɗu, idan aka jera su, sun cika nanomita guda. Masu fannin sukan ce filinsu ya kama daga nanomita 1 zuwa 100, amma wannan iyaka ta sauƙaƙa magana ce kawai. Ainihin iyakar ita ce wurin da halin abu ya fara dogara da girmansa.

A rayuwar yau da kullum ba mu saba da haka ba. Ƙarfe babba da ƙarami duk ƙarfe ne, gilashi idan ya fashe gutsattsarinsa gilashi ne. Littafin makaranta ya koya mana cewa zinare yana narkewa a digiri 1,064 na ma'aunin Salshiyos, kuma ba ya tsatsa, ba ya shiga harkar sauran sinadarai, shi ya sa ake adana shi. Amma ƙwayar zinare mai nanomita biyu ko uku tana narkewa da ɗaruruwan digiri ƙasa da haka. A 1987 kuma wani masani ɗan Japan, Masatake Haruta, ya nuna cewa irin waɗannan ƙananan ƙwayoyi suna iya hanzarta mayar da iskar kabon monoksayid mai guba zuwa kabon dayoksayid, ko da a yanayin da ya fi ƙanƙara sanyi. Ƙarfen da aka sani da zaman kashe wando a duniyar sinadarai sai ga shi ya zama ma'aikaci.

Dalilai biyu ne manya. Na farko shi ne fuska, wato bayan abu da ke haɗuwa da abin da ke kewaye da shi. Ɗauki dunƙule mai kusurwa, santimita ɗaya ta kowane ɓangare. Faɗin fuskokinsa shida murabba'in santimita 6 ne. Ka yi ta yanka shi har ya zama 'yan dunƙulalle masu nanomita ɗaya ɗaya, nauyi bai ƙaru ba bai ragu ba, amma jimillar fuskar ta kai murabba'in mita 6,000. Ƙwayar zarra da ke can ciki tana da maƙwabta ta kowane gefe sun riƙe ta. Wadda ke waje kuwa gefenta guda a buɗe yake, tana neman abin da za ta kama. A babban dunƙule na waje 'yan ƙalilan ne, ba a jin ɗuriyarsu. A ƙwaya mai nanomita biyu ko uku, kusan rabin ƙwayoyin zarrar a waje suke, don haka halinsu ne yake zama halin abin gaba ɗaya. Daga nan saurin narkewa ya fito, daga nan zafin nama wajen haɗuwa da wasu sinadarai ya fito.

Dalili na biyu ya fi zurfi, kuma shi ya fi kama zuciyar ɗaliban fizik. Elektiron, ɗan ƙaramin abin nan mai ɗauke da cajin lantarki, yana da ɗabi'ar igiyar ruwa. Idan yana da fili yana yawo yadda ya ga dama. Idan aka matse shi a wuri mai 'yan nanomitoci, sai dokokin kwantam, wato dokokin fizik da ke mulkin irin waɗannan ƙananan abubuwa, su ƙayyade masa matakan ƙarfin da zai iya tsayawa a kai, kuma gwargwadon matsin wurin gwargwadon tazarar da ke tsakanin matakan. Tazarar nan ita ke yanke launin hasken da abu zai fitar. A ɗakin gwaji ana jera kwalabe na sinadari iri ɗaya, kadmiyom selenayid, a haska su da fitilar ultirabayolet a cikin duhu. Kwalbar da ƙwayoyinta suke kusan nanomita 2 haskenta ya karkata zuwa shuɗi, ta tsakiya kore ko rawaya, mai nanomita 6 ja wur. Sinadari ɗaya, ruwa ɗaya, bambancin kawai minti nawa aka bar ƙwayoyin suna girma a kan wuta. Waɗannan su ne ɗigon kwantam, waɗanda yanzu suke cikin allon wasu talabijin, kuma a kansu aka ba Alexei Ekimov da Louis Brus da Moungi Bawendi kyautar Nobel ta kimistiri a 2023.

A ganina wannan ne jigon sha'awar. Da, mai neman sabon hali a jikin abu sai ya canja sinadari ko ya gauraya shi da wani. Yanzu girma da siffa sun zama abin murɗawa a hannun mai bincike. Abu ɗaya yana iya ba ka halaye goma, kuma mafi yawansu ba wanda ya taɓa auna su.

Masu sana'ar dā sun yi amfani da wannan ba tare da sun san dalili ba. Akwai wani kofin gilashi na Rumawa, na ƙarni na 4, a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan: idan haske ya faɗo masa ta gaba kore ne, idan ya ratso ta baya ja ne, saboda ƙwayoyin zinare da azurfa da ke cikin gilashin. Maginan tukwane na Iraƙi a ƙarni na 9, zamanin Abbasiyawa, sun iya yi wa tangaran wani sheƙi mai walwali da ƙananan ƙwayoyin azurfa da jan ƙarfe. Masanin kimiyya ɗan Birtaniya Michael Faraday ya haɗa jan ruwan zinare, ya yi bayaninsa a 1857, ya kuma yi hasashen cewa ƙanƙantar ƙwayoyin ce ta kawo launin. Abin da duk suka rasa shi ne ido.

A ranar 29 ga Disamba 1959 masanin fizik Richard Feynman ya yi wata lacca a jami'ar Caltech ta Amurka inda ya ce babu wata dokar fizik da ta hana a riƙa jera ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya. Ana yawan ambaton laccar a matsayin mafarin fannin, amma shekaru da dama bayanta ba ta motsa kowa sosai ba. Abin da ya buɗe ƙofar na'ura ce. A 1981 Gerd Binnig da Heinrich Rohrer, a ɗakin binciken IBM da ke Zurik, suka ƙera wani madubin leƙa ƙananan abubuwa da ba ya amfani da haske ko gilashi. Allura ce mai tsinin da ya ƙare da ƙwayar zarra guda, ana kusanto da ita jikin abu har tazarar ta gaza nanomita ɗaya, ba tare da ta taɓa ba. A wannan kusancin elektiron sukan tsallaka ratar, sai a sami ɗan siririn gudun lantarki. Idan allurar ta ƙara matsowa da kashi ɗaya cikin goma na nanomita, lantarkin ya ninka kusan sau goma. Sai a riƙa jan allurar layi layi, kwamfuta tana zana tudu da kwari, kowane tudu ƙwayar zarra ce. Shekara biyar kacal aka ba su Nobel. A 1986 aka ƙera ɗan'uwan wannan madubi wanda yake shafa abu kamar yatsa, yana aiki har a kan abin da lantarki ba ya ratsawa. A 1989 Don Eigler da Erhard Schweizer suka ja ƙwayoyin zarra 35 na iskar zenon ɗaya ɗaya suka rubuta sunan kamfaninsu, IBM.

Abin da ba a cika faɗa ba idan ana wannan tarihi shi ne hannun wa ya yi aikin. Feynman ya sa kyautar dala 1,000 ga duk wanda ya rage shafin littafi sau 25,000 har a iya karanta shi da madubin elektiron. Wanda ya ci ta a 1985 ɗalibi ne a Jami'ar Stanford, Tom Newman. A shekarar ne aka gano ƙwallon kabon mai ƙwayoyi 60 a Jami'ar Rice. Nobel ta 1996 ta je wa manyan masanan da suka jagoranci aikin, Kroto da Curl da Smalley, amma waɗanda suka kwana a gindin na'urar leza ɗalibai ne, cikinsu har da James Heath da Sean O'Brien. Hanyar da ta sa aka iya haɗa ɗigon kwantam masu girma bai ɗaya, wadda aka wallafa a 1993, sunan ɗalibin Bawendi, Christopher Murray, shi ne na farko a kanta. Dabarar kuwa ita ce a tsirta sinadaran farat ɗaya cikin ruwa mai zafin kusan digiri 300, domin duk ƙwayoyin su tsiro a lokaci guda su girma tare. A 2011 wani ɗalibi ɗan Masar a Jami'ar Drexel, Michael Naguib, ya fitar da na farko cikin wani sabon dangin abubuwa masu sirin 'yan ƙwayoyin zarra, da ake kira MXene, waɗanda yau ɗakunan bincike masu yawa suke aiki a kansu. A 2018 Yuan Cao, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai a jami'ar MIT ta Amurka, ya ɗora fallen girafin, wato kabon mai kaurin ƙwayar zarra guda, a kan wani falle irinsa, ya karkata shi da kusan digiri 1.1, sai abin ya zama mai wuce da lantarki ba tare da wata turjiya ba a tsananin sanyi.

Akwai fannonin da ɗalibi yake ɗaya cikin mutum dubu a kan gwaji guda. A nano yawanci mutum biyu ne ko uku, kuma ɗalibin ne yake haɗa abin, yake auna shi, yake fara ganin sakamakon kafin malaminsa. Akwai daren da mutum yake zaune gaban allo yana kallon wani abu da duk duniya shi kaɗai ya san da shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan shekara 26, kuma ban san wani abin da ya fi shi riƙe mutane a fannin ba.

Labarin girafin ya ƙara wa fannin farin jini ta wata fuskar. Girafin falle ɗaya ne na kabon, kaurinsa ƙwayar zarra guda, kuma yana nan jibge a cikin bakin fensir. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov, a Jami'ar Manchesta, suka ciro shi da salatif: a manna, a ɓanɓaro, a sake mannawa, har fallen ya sirance. Nobel ta biyo baya a 2010. Matasa da yawa sun ji wannan sun ce ashe babban bincike ba sai da babban kuɗi ba. Rabin gaskiya ke nan. Salatif ya ciro fallen, amma gano shi a cikin tarkace, da maƙala masa wayoyin zinare da ido ba ya gani, da auna yadda lantarki ke gudu a cikinsa, sun buƙaci kayan aiki da ƙwarewar shekaru.

To, yaya ranar ɗalibi take? Idan mai ƙera ƙananan na'urori ne, safiyarsa tana farawa da shiga rigar da ta rufe shi daga kai har tafin ƙafa, da safar hannu da takunkumi. Rigar ba shi take karewa ba, ɗakin take karewa daga gare shi, domin ɗan ɓarɓashin fata ko ƙura ɗaya ya fi abin da yake ginawa girma sau ɗari. Fitilun wani sashe na ɗakin rawaya ne, saboda sinadarin da ake shafawa a kan silikon, abin da ake ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi, kafin a zana masa hanyoyi yana lalacewa da farin haske. Matakai ashirin ko talatin ne a jere: a wanke, a shafa, a gasa, a haska, a ƙwaƙule, a zuba ƙarfe, a sake wankewa. Kuskure a mataki na huɗu ba ya bayyana sai a na ƙarshe, bayan mako biyu. Idan kuma mai haɗa sinadarai ne, hannuwansa suna cikin dogayen safofin roba da ke maƙale da akwatin gilashi cike da iskar agon, domin ɗan danshi ko iskar shaƙa na iya ɓata komai. Ya bi matakan da ya bi jiya daidai wa daida, amma ƙwayoyin yau sun fito wani iri. Wataƙila sabuwar kwalbar sinadarin da aka buɗe tana da ɗan gurɓi da tsohuwar ba ta da shi. Wani lokacin ma gurɓin tsohuwar ne ya sa aikin yake yi tun farko.

Daga nan ne ainihin karatun yake farawa, kuma shi ne abin da nake ganin ya kamata a fi gaya wa mai niyya. A wannan girman ba ka ganin komai da idonka. Duk abin da ka sani na'ura ce ta gaya maka, na'ura kuwa tana iya yin ƙarya ba da niyya ba. Tsinin allurar madubi idan ya dakushe ko ya rabu biyu, kowace ƙwaya sai ta fito da tagwaye a hoto. Hasken elektiron da kake leƙa abu da shi yana iya ƙona abin ko ya sauya masa tsari kana cikin kallo. Hoton da ya fi kyau a cikin ɗari ba lalle ne ya wakilci sauran casa'in da tara ba, amma shi zuciya take so a saka a takarda. Ɗalibi nagari yakan shafe shekararsa ta farko da ta biyu yana koyon zargin sakamakonsa: ya auna abu ɗaya ta hanya uku daban, ya ƙirga ƙwayoyi ɗari uku maimakon ya nuna goma, ya ba abokin aikinsa matakan ya gani ko za su fito a hannun wani. Fannin ya taɓa ɗanɗana kuɗarsa a nan. A 2002 wani kwamitin bincike ya tabbatar cewa Jan Hendrik Schön, matashin masani a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, ya ƙirƙiri bayanai a takardu da dama da manyan mujallu suka buga, ciki har da iƙirarin ƙera tiransista, wato ɗan makunnin lantarkin da kwamfuta ke lissafi da shi, daga molekul guda, wato dunƙule ɗaya na ƙwayoyin zarra. Kafin asiri ya tonu, ɗalibai a ƙasashe da yawa sun ɓata watanni suna ƙoƙarin maimaita abin da bai taɓa faruwa ba, suna zaton hannunsu ne ba shi da kyau.

Wani abin jan hankali shi ne cewa a nanomita katangar da ke tsakanin fannoni ta rushe. Furotin da ƙwayar cutar bairos da tiransista duk girmansu ya yi kusa, don haka a teburi ɗaya za ka ga mai fizik da mai kimistiri da likita suna jayayya a kan hoto guda. Wannan yana faɗaɗa tunani ƙwarai. Amma yana da haɗari ga ɗalibi. Wanda ya tsinci kaɗan a nan kaɗan a can yana iya gama shekara biyar bai mallaki ko ɗaya ba, kuma ranar kare kundi masu jarrabawa ba za su tambaye shi nano ba. Mai fizik zai tambaye shi fizik har ƙasa, mai kimistiri ma haka. Shawarar da nake ganin ta fi ita ce mutum ya kafa ƙafa ɗaya daram a fanni guda, sannan ya miƙa ɗayar.

Sai batun alkawari. Tun da Shugaba Bill Clinton ya sanar da shirin nano na ƙasar Amurka a shekara ta 2000, gwamnatoci suka yi ta zuba kuɗi, kuma inda kuɗi yake nan baki yake buɗewa. An ce bututun kabon da Sumio Iijima ya bayyana a 1991 za su zama igiyar hawa sararin samaniya. An ce girafin zai kori silikon daga kwamfuta. Tarayyar Turai ta ƙaddamar da shirin shekara goma na yuro biliyan ɗaya a kansa a 2013. An samu ci gaba na gaske a fenti da kayan ƙarfafa roba da na'urorin auna abubuwa, amma silikon yana nan a kujerarsa. A fannin magani an daɗe ana cewa ƙwayoyin nano za su ɗauki maganin ciwon daji su kai shi kan ƙari kai tsaye. A 2016 ƙungiyar Warren Chan a Jami'ar Toronto ta tattara sakamakon gwaje-gwajen shekara goma a kan dabbobi, ta ga cewa a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai na abin da aka yi allurarsa yake isa ƙarin. Mafi yawa hanta da saifa ne suke tace shi.

Duk da haka kuskure ne a ce fannin cika baki ne kawai, domin nasarorinsa manya ne, sai dai ba su zo ta ƙofar da aka tsaya jira ba. Abin da Albert Fert da Peter Grünberg suka gano a 1988 game da maganaɗisu a falle-fallen ƙarfe masu 'yan nanomitoci, cikin shekara goma ya shiga faifan ajiya na kwamfuta ya ninka abin da yake ɗauka. Cif ɗin M1 na Apple, wato ƙwaƙwalwar kwamfutarsa ta 2020, yana da tiransista biliyan 16, kuma mafi ƙanƙantar zanen irin waɗannan cif a yau ana yin sa ne da haske mai tsawon zango nanomita 13.5, a injinan da kamfanin ASML na Holan kaɗai yake ƙerawa. Allurar rigakafin korona ta Pfizer da BioNTech da ta Moderna ba za su yi aiki ba in ba don 'yan ƙwallayen kitse masu kusan nanomita 100 da suke lulluɓe saƙon mRNA, wato umarnin da ke gaya wa jiki furotin ɗin da zai haɗa, su shigar da shi cikin ƙwayar jiki ba. Waɗannan ƙwallaye ba a 2020 aka fara su ba. An amince da Doxil, maganin daji da ke cikin kumfar kitse, tun 1995. An amince da wani magani, Onpattro, wanda ya fi kusa da fasahar rigakafin, a 2018. Tsakanin nan akwai kundaye masu yawa na ɗaliban da suka shafe shekaru suna sauya tsarin kitse ɗaya suna aunawa, ba wanda ya san sunansu, kuma yawancinsu sun gama sun tafi kafin a ga amfanin abin.

Wannan tazara ce ya kamata mai niyya ya dube ta da idon basira. Sabon abu yakan ɗauki shekara ashirin ko fiye daga ɗakin gwaji zuwa kasuwa. Digirin kuwa shekara uku zuwa huɗu ne a Birtaniya, huɗu a Holan, biyar zuwa shida a Amurka. Wanda ya shigo don ya warkar da ciwon daji kafin ya kare kundinsa zai sha takaici. Wanda ya shigo don yana son sanin dalilin da ya sa furotin na jini suke manne wa ƙwayar nano su sauya mata hanya, wannan yana da tambayar da shekara huɗu za su iya amsa wani yanki nata, kuma amsar tana daga cikin abin da masu maganin suke jira.

Akwai kuma rashin daidaito da ba a son faɗa. Madubin elektiron mai nuna ƙwayoyin zarra ɗaya ɗaya kuɗinsa miliyoyin daloli ne, ban da ginin da ba ya girgiza, da lantarkin da ba ya ɗaukewa, da ma'aikacin da ya san cikinsa. Irin waɗannan sun taru a ƙasashe ƙalilan. Ɗalibin da ke jami'ar da ba ta da su yana iya haɗa ƙwayoyi a kwalba cikin sauƙi, amma ya rasa yadda zai san me ya haɗa. Wannan ne ya haifar da tarin takardu masu kama da juna, inda ake zuba ruwan wani ganye a sinadarin azurfa, ruwa ya canja launi, a ce an samu ƙwayoyin nano masu kashe ƙwayoyin cuta, gobe a canja ganye a sake bugawa. Ba na raina ƙoƙarin masu yi, domin da abin da ke hannu ake aiki. Amma ina jin ciwon ganin basira tana ƙarewa a nan, alhali akwai hanyoyi. Manyan cibiyoyin da ke samar da haske mai ƙarfi don leƙa tsarin abubuwa, irin na Grenoble a Faransa, da SESAME da aka buɗe a Jodan a 2017, suna ba da lokacin amfani da na'urorinsu ga masu binciken da shawararsu ta ci. Akwai kuma hanyar lissafi, inda ake hasashen halin abu a kwamfuta kafin a haɗa shi, kuma rumbun bayanai na Materials Project da aka buɗe a 2011 kyauta ne ga duk mai intanet. Haɗin gwiwa da wani ɗakin bincike mai kayan awo, a yi tambaya ɗaya mai kyau tare, ya fi takarda biyar marasa awo.

Wani fili da ke neman mutane, ga shi ba ya samun masu rububi, shi ne na lafiya da muhalli. Abin da ya sa ƙwayar nano ta zama mai amfani, wato yawan fuska da iya kutsawa inda babba ba ya shiga, shi ne kuma abin da zai iya sa ta cutar. A 2008 masu bincike a Edinbara suka nuna cewa dogayen bututun kabon suna jawo wa ɓeraye kumburi irin wanda asbestos, kayan ginin nan mai ƙurar da ke cutar da huhu, yake jawowa. A 2014 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa wani nau'insu a jerin abubuwan da mai yiwuwa suna haddasa cutar. A 2022 Tarayyar Turai ta hana zuba titaniyom dayoksayid, wani sinadarin ƙara fari, a abinci, saboda masu tantancewa sun kasa kawar da shakku a kan ƙananan ƙwayoyinsa. Ina azurfar nano da ake saka wa tufafi take zuwa bayan an wanke su? Me ke faruwa da ƙwayar da ta zauna a hanta shekara goma? Aikin nan ba ya kawo hoto mai ƙyalli a bangon mujalla, amma kundin da ya amsa ɗaya daga cikinsu da awo mai kyau zai daɗe ana komawa gare shi.

Bayan digiri fa? Kujerun farfesa ba su kai yawan masu kammalawa ba, ko kusa, kuma gara mutum ya san haka tun ranar farko. Sa'ar da masu wannan fanni suka yi ita ce hannunsu yana da kasuwa a wajen jami'a. Wanda ya iya ɗakin ƙera cif, ko madubin elektiron, ko haɗa ƙwayoyi masu girma bai ɗaya, masana'antun cif da na batir da na magunguna da na allon hasken rana suna nemansa. Sau da yawa ba batun kundinsa suke saya ba, iya gano dalilin da ya sa wani mataki ya ƙi aiki suke saya.

Nauyin tafiyar ma gaskiya ne. A binciken jin ra'ayi da mujallar Nature ta yi a 2019 tsakanin ɗaliban digirin digirgir sama da 6,000 na fannoni daban daban, kashi 36 cikin ɗari sun ce sun nemi taimako saboda damuwa ko ƙuncin rai da karatun ya jawo musu. A aikin da na'ura ɗaya ta lalace ta tsayar da kai wata uku, malamin da ke duba aikinka shi ne bambanci tsakanin wahala mai amfani da wadda ke karya mutum. Shi ya sa sunan jami'a bai kai sunan malami muhimmanci ba, sunan malami kuma bai kai halinsa ba. Kafin mutum ya amsa tayi, ya nemi tsofaffin ɗaliban malamin ya ji daga bakinsu, har da wanda ya bari bai gama ba in zai samu. Ya tambaya shekara nawa suka ɗauka, kuma ina suke yanzu. Ya tambaya ko ɗalibi yana taɓa madubin da hannunsa ne ko miƙa samfur yake yi ya jira mako shida. Ya tambaya wa zai biya kuɗin, har zuwa wace shekara. A Holan da ƙasashen arewacin Turai ɗalibin digirin digirgir ma'aikaci ne mai albashi; a Amurka yawancin shirye-shiryen kimiyya suna ɗauke kuɗin makaranta su ba da alawus, galibi a madadin koyarwa ko aikin bincike. Binciken nano na ɗakin gwaji yana cin sinadarai da iskar gas da awoyin na'ura kullum, kuma ana biyan kowace awa. Ɗakin binciken da ya ce ɗalibi ya zo da kuɗinsa, akwai alamar ba shi da na sayen waɗannan ma.